Jan Zakaran da Marka ta Kai Ikko

Duk wanda ya bi jirgin ƙasa ta Funtua a shekarun farko na bayan samun mulkin kai, in dai ya leƙo ta taga, to ya ga Marka. Doguwar mace ce baƙa, Bamagujiya daga wata unguwa a bayan Maska, ba ta da yawan fara'a kuma ba ta da yawan faɗa. Sana'arta kantun riɗi. Takan surfa riɗin ta wanke ta shanya, ta soya shi a kasko har ya fara tsalle, sannan ta narkar da mazarƙwailar Maska ta juye shi a ciki, ta baza a kan faranti ta yanka tun da zafinsa. Kaskon na uwarta ne, sana'ar ma haka, kuma Marka ba ta ɗauki ko ɗaya daga cikinsu da wasa ba.

Ni sunana Segun. Iyayena Yarbawa ne da fatauci ya kawo su, amma a Funtua aka binne cibiyata. Uwata Abike, wadda muke kira Iya, tana da ɗan kanti a bakin tasha, kuma a inuwar bangon kantin nan Marka take ajiye faifanta. Labarin da zan ba ku daga bakinsu su biyu na ji shi, sau ba adadi, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna a kan ƙarshensa ba.

Abin da ya sa zumuncinsu yake ba ni mamaki shi ne, kayan Iya ne suke kashe wa Marka kasuwa. Tun da aka fara kawo minti da cakulan daga Ikko, Iya tana zuba su a kwalba, 'yan makaranta sai su tsallake faifan Marka kamar ba su gan shi ba, su shige kanti da kwabonsu. Fasinjoji ma haka, sai su aiko a sayo musu na kwalba. Marka takan koma gida da rabin abin da ta kawo, wani lokaci fiye, ta raba wa 'ya'yan maƙwabta don kada ya yi laushi. Har ta kai sai ranar kasuwa kawai take ɗora kasko. Ta gaya wa Iya cewa ba rashin cinikin ne yake hana ta sukuni ba, tsoronta kada a ce a hannunta kaskon uwarta ya huce.

Marka ta ce ruwa ba ya tsami banza. A wurin mutanensu kowace sana'a da laƙaninta, maƙeri da nasa, maharbi da nasa, mai daddawa da nata. Kuma laƙani ba a satar sa, ba a kuma roƙon sa hannu rabbana. Wanda yake so sai ya nemi jan zakara da goro, ya je wurin mai sana'ar ya durƙusa, in an karɓa to hannunsa zai kama. Haka uwar Marka ta yi wa wata tsohuwa a Ƙarfi kafin ta iya kantu. Saboda haka da Marka ta ga yara suna bin abin kwalba kamar an kira su, ba ta yi wata-wata ba, ta san akwai laƙani a ciki, kuma akwai mai shi.

Wata rana da hantsi ta leƙa cikin kanti ta nuna kwalbar da haɓa. Ta ce, "Iya Segun, wa ke dahwa wanga abu?"

Iya ta ce, "Ba mutum ba ne, Marka, kamfani ne. Can Ikko."

"Kamfanin ba shi da uba?"

"Yana da masu shi mana."

"To su nike nema."

Iya ta yi dariya, ta ɗauka zance ne na wucewa. Cikin hirar ta yi kuskuren gaya mata cewa gidan da ake yin cakulan ɗin yakan buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa wata rana a wata, a biya kuɗin shiga, a zagaya da mutum ya ga yadda ake yi. Ta ce ita ma ba ta taɓa shiga ba, don ba ta ga abin da zai sa ta biya kuɗi ta kalli kayan da za ta saya ba. Marka ta koma wurin faifanta. Ranar kasuwa ta gaba sai ga ta tana jan akuyarta mai ciki zuwa kara.

Mijinta sunansa Maikuɗi, amma sunan ne kawai. Manomin dawa ne da auduga, mutum mai son hira da son a ce ya faɗi magana. A al'adarsu mace tana da gayaunarta da rumbunta da awakinta, miji ba ya sa musu hannu, iyakarsa baki. To bakin kuwa ya sa. Ya ce, "Akuya da ciki, gobe jibi ta ba ki biyu, ki kai ta kara don ki tahi kallon tukunyar wasu? Ke mi kika rasa a taki tukunyar?"

Marka ta ce, "Masu saye na rasa, Maigida."

Ya ce cinikin biri a sama take yi. Ya ce mutanen Ikko ko gaisuwa ba sa amsawa balle su ba baƙuwa asirin cinsu. Ya kira ƙannensa su taya shi, suka zo suka yi nasu suka gaji. Marka tana jin su tana ɗaure ƙafafun jan zakaran da ta zaɓa, wanda ya fi kowanne tsayin zanko a gidan. Ta sa shi a kwando, ta ƙulle goro a ganye, ta yi kantu faranti guda don guzuri.

Da Iya ta tashi zuwa Ikko sarin kaya, Marka ta bi ta. Sun canja jirgi a Zariya, suka kwana a hanya. Iya ta ce kunyar da ta ji a tafiyar nan ba ta taɓa jin irinta ba, don zakaran bai san an bar gida ba, lokacinsa na yi ya fasa cara a tsakiyar tarago, mutane suka yi ta tsaki da harsuna iri-iri. Marka ko a jikinta. Ta ba shi dawa a tafin hannu, ta ba shi ruwa a murfin kwano kafin ita ta sha. Da suka zo gadar Kwara ta leƙa ta ga ruwan, ta ce lalle Allah yana da ajiya, ta koma ta gyara wa zakara zama.

Gidan cakulan yana can bayan gari, dogon gini mai rufin kwano da bututun hayaƙi, tun daga titi ake jin ƙamshinsa. A bakin ƙofa aka fara samun matsala. Mai gadin, wani dattijo Basakkwace, ya dubi kwandon ya ce ba a shiga da kaza. Marka ta yi masa bayanin abin da ya kawo ta. Shi kaɗai ne a duk wurin ya fahimci zancen tun daga jimlar farko, bai kuma yi dariya ba. Ya ce ta bar zakaran a inuwarsa, in ta ga mai sana'ar ta dawo ta ɗauka. Suka biya kuɗin shiga, aka ba su farar riga da farar hula kamar ma'aikatan asibiti, aka haɗa su da wasu 'yan kasuwa, wani saurayi mai sanƙo ya shige gaba yana bayani da Turanci da Yarbanci. Iya tana fassara wa Marka abin da ta ga dama.

Ɗaki na farko buhuna ne har rufi, cike da 'ya'yan itacen da ake nomawa a ƙasar Yarbawa, wanda da shi ake yin cakulan. Daga nan suka shiga inda ake soya su a cikin wata ƙatuwar ganga mai juya kanta. Marka ta shaƙi iskar ta ce wannan dai suya ce, kuma wutar ta yi daidai. Ta nuna mutumin da ke tsaye kusa da gangar ta ce, "Tambaye shi, shi ne mai sana'ar?" Iya ta tambaya. Mutumin ya ce shi aikinsa ya duba allurar ma'aunin zafi, in ta kai jan layi ya ja ƙarfe, abin da ake yi a ɗakin gaba bai sani ba.

A ɗakin gaba injin niƙa ne, ƙararsa har cikin haƙora. Mai kula da shi ya ce shi niƙa kawai ya sani. A na gaba da shi manyan tukwane ne na ƙarfe suna tuƙa kansu ba muciya ba hannu, mai tsaron su ya ce ana kawo masa sukari da madara a aune, shi dai ya zuba. Ko'ina Marka sai ta sa a tambaya, ko'ina amsar ɗaya ce. Da ta matsa, saurayin mai bayani ya nuna mata wani Bature a bayan gilashi yana rubutu, ya ce ga shugaban gidan. Marka ta daɗe tana kallon hannayen mutumin, farare tas, ta ce wa Iya wannan bai taɓa ƙonewa da tukunya ba.

Ta gaya mini da bakinta cewa a wurin nan ne ta kusa karaya. Ta ce ta tuna akuyarta, ta tuna bakin Maikuɗi, ta ji kamar ta zauna a ƙasa. Ga gida ya fi unguwarsu girma, ga mutane kamar ranar kasuwa, amma babu ko mutum ɗaya da za a durƙusa wa. Aka miƙo musu ɗanɗano a faranti, ta sa a baki, ya narke ya manne mata a dasashi. Ta ce zaƙi akwai, ɗaci-ɗaci akwai, amma ba abin taunawa, abincin marasa haƙori ne. Ta kuma ga yadda yake fitowa daga injin a jere, tsirara, launin ƙasa, bai fi kantunta kyan gani da komai ba. Wannan ya ƙara ɗaure mata kai.

Ɗaki na ƙarshe ba ƙara. Dogon tebur ne, mata zaune hagu da dama, suna naɗe irin wanda ake sawa a akwatin kyauta, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Saurayin bai ma tsaya ba, ya ce nan naɗi kawai ake yi, ya wuce da jama'a inda za a raba musu tsaraba. Marka ta tsaya cak. Idonta yana kan wata siririyar budurwa a ƙarshen tebur. Yarinyar takan ɗauki guda ta ɗora a tsakiyar takarda, ta ninka nan ta ninka can, ta tura kunnuwan ciki da babban yatsa, shi ke nan ya rufu ruf, ba zare ba danƙo, kuma ba ta ko kallon hannunta. Abin da ya shigo ɗakin kamar ɗan tubali, sai ya fita kamar amarya. Marka ta tuna faifanta a bakin tasha, a buɗe, ƙudaje suna sauka tana kora, kowane mai saye sai ya taɓa uku kafin ya zaɓi ɗaya.

Ta kama hannun Iya ta ce, "Ga mai sana'ar nan."

Iya ta ce, "Wacce? Wannan ai leburiya ce, Marka. Zo mu je, ana raba kyauta."

"Ki tahi ki amso. Ni na ga abin da na zo nema."

Ta tuɓe farar rigar ta miƙa, ta fita wurin mai gadi ta ɗauki kwandonta. Da yake ba a shiga da kaza, sai ta nemi gindin wata bishiya a bakin titi ta zauna jiran a tashi aiki. Iya ta rasa yadda za ta yi, ba ta iya barin ta ita kaɗai a garin da ba ta jin yarensa, dole ta biyo ta, tsarabar ma ba ta samu ba. Ta yi ta mita tun azahar har la'asar, ta ce an biya kuɗin kallo an ƙare a kallon titi. Marka tana ba zakara ruwa.

Da aka busa tashi ma'aikata suka fito, Marka ta hango yarinyar, ta sha gabanta, ta durƙusa gwiwa biyu a kan tsakuwa, ta ɗaga zakara da ƙullin goro. Yarinyar ta ja da baya a tsorace, abokan aikinta suka taru suna dariya. Sunanta Nwamaka, 'yar ƙabilar Ibo ce, a haife Marka ta haife ta. Iya ta yi mata bayani da guntun Turancinta. Nwamaka ta ce a gaya wa mama ta tashi, wannan ba wani abu ba ne, ninke takarda ne kawai, za ta nuna mata kyauta.

Marka ba ta tashi ba. Ta ce, "Gaya mata in ba ta amsa ba, hannuna ba ya kamawa. Daga Maska na ɗauko shi da sunanta, ban dai san sunan ba sai yau."

Iya ta ce da ta fassara wannan, dariyar ta tsaya. Nwamaka ta dubi matar da ke durƙushe, ta dubi hannayenta ita kanta, kamar yau ta fara ganin su. Ta sa hannu biyu ta karɓi zakaran. Suka zauna a bencin wata mai sayar da abinci, Nwamaka ta zaro 'yan takardu daga jakarta, Marka ta kwance ragowar guzurinta, aka yi darasin da kantun riɗi. Ba mai jin yaren wani. Yarinyar takan kama yatsun Marka ta lanƙwasa su, naɗin ya warware, a sake. Yatsun da suka saba da taɓarya da fartanya ba su da saurin lanƙwasuwa, Marka ta yaga takarda ta yaga wata, gumi yana ɗiga daga haɓarta, amma ba ta ce a huta ba. Sai da ta naɗe guda ta jefa shi sama ta cafe bai buɗe ba, sannan ta yarda aka tashi. Nwamaka ta cinye wanda aka yi darasi da shi, ta nemi ƙari ta kai gida.

Da Marka ta koma, Maikuɗi yana zaune a ƙofar gida yana jira. Ya ce, "To, ina laƙanin?" Ta ciro ɗan kantu guda a naɗe ta ɗora masa a tafin hannu. Ya juya shi, ya warware, ya ga kantun da ya sani tun ranar da ya aure ta. Ya yi dariya har da buga cinya. Kafin sati ya zagayo duk inda ake zaman shan burkutu an ji cewa akuyar Marka ta tafi Ikko ta dawo takarda.

Ni dai ina ganin da wata ce da ta haƙura a nan, don abin bai zo da sauƙi ba. Ta fara da tsohuwar jarida, man riɗi ya jiƙa ta, baƙin rubutun ya zauna a jikin kantu, ba wanda ya saya. Iya ta ba ta takardar da ake shimfiɗawa a kwalin sabulu, kantu ya ɗauki ƙamshi, wani direba ya tofar a gabanta ya ce ba wanka ya zo yi ba. Faranti biyu ta zubar wa kaji. Sannan ta lura naɗin ba ya zama sai in yankan ya zo daidai wa daida, ita kuwa da ido ta saba yanka, wani ƙato wani ƙarami. Ta yanko kara ta mai da shi ma'auni. Ta bi gidajen burodi na Funtua ɗaya bayan ɗaya har ta samu wanda ya yarda ya riƙa sayar mata da farar takardarsa, wadda mai ba ya ratsawa. Duk wannan da abin da ta samu daga gayaunarta ta yi shi, ba ta nemi ko ƙwayar dawa daga rumbun Maikuɗi ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, 'yan makaranta ba su dawo duka ba, minti ya riga ya tafi da yawancinsu. Fasinjoji ne suka ɗaga ta. Abin da yake a naɗe ana iya miƙa shi ta taga jirgi yana motsi, ana iya jefa shi a aljihun riga bai ɓata ta ba, ana iya kai wa yara tsaraba har Gusau. Mai sayen ɗaya ya koma sayen goma. Da kakar auduga ta zo, kuɗi suka shiga hannun manoma, faifan Marka ba ya kai azahar. Kasko ya koma hawa wuta kullum. Iya da kanta ta wanke kwalba guda ta ce a riƙa zuba mata, ta ajiye ta a kan teburin kanti kusa da ta cakulan.

Har Iya ta bar duniya tana cewa shiga gidan nan asarar kuɗi ce, ƙara da zafi da tsayuwa, ga shi ko tsarabar ba ta samu ba. Marka kuwa in an tambaye ta sai ta ce in don cakulan ne, ta yi asarar akuya, in don injuna ne, injin gurzar auduga na Funtua ya fi su ƙara kuma ana jin sa kyauta. Amma ta ce wanda zai je ya daure ya kai ɗakin ƙarshe. Kuma duk lokacin da Iya za ta Ikko sarin kaya, sai ta ba ta ƙulli ta kai wa Nwamaka, ba ta kiran ta da suna, sai dai ta ce uwar ɗakina.

Abin da ya rage mata matsala ɗaya ce, hannu biyu ba sa isa suya da yanka da naɗi. Wata rana da yamma tana fama, kantu ya taru a faranti yana jiran riga, Maikuɗi ya dawo daga gona ya zauna kusa yana kallo. Ba ya zancen akuya yanzu, ya daɗe da bari. Can ya ɗauki takarda ya ɗora guda, ya ninka yadda ya ga tana yi, ya ajiye, ta warware. Ya sake, ta sake warwarewa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ke, nuna mani inda kike tura yatsan nan."

Marka ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka san hanya, Maigida."

Ya ce wace irin hanya, shi da gidansa, shi da matarsa. Ta ce ita ma da ta durƙusa a titin Ikko, yarinyar ba ta kai ɗiyarta ta fari ba. Ya tashi ya kaɗe riga ya fita. Ya yi kwanaki yana cika yana batsewa, yana wucewa ta gefen faranti kamar bai gan shi ba, ita kuma ba ta sake tayar da zancen ba.

Ranar wata kasuwa da sassafe, Marka tana tsugune tana hura wuta, sai ta ji kukan kaza a bayanta. Ta juya ta ga Maikuɗi da jan zakara a hammata, daga cikin nasa, da goro a ganye. Ya waiga ya tabbata ƙannensa ba sa tsakar gida, sannan ya sauke gwiwa ɗaya, ya ɗan yi jim, ya sauke ta biyun. Marka ta miƙe ta goge hannunta a zane. Ba ta yi dariya ba, ko murmushi ba ta yi ba, ta sa hannu biyu ta karɓa kamar yadda aka karɓi nata.

Ta ce, "Tashi ka wanke hannu, Maigida. Kasko na bisa wuta."